Dutsen da Baba Ya Bari a Ɗaki

Babana wanzami ne, ɗan wanzami. Ni kuwa na ƙi sana'ar tun ina yaro, na bi makaranta, na ƙare a malamin firamare a Ƙaura Namoda, kuma har yau ban iya riƙe aska ba. Da wani ya ce mini wata rana ni ne zan riƙa bin kasuwanni ina tsugunawa ina tofa wa duwatsu yawu, mutane suna kallona suna raɗa cewa malam ya taɓu, da na ce masa ya je ya nemi magani. Amma haka aka yi, a shekara ta biyu da barowar iyayena ƙauyenmu da ke bayan Moriki.

Ranar da suka baro, da rana tsaka labari ya iso cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke gabanmu. Baba ya dawo daga yi wa wani aski ke nan, zabirarsa tana rataye a kafaɗa. Ya ja ƙofar ɗakinsa, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun zabira, ya ce wa Inna ta ɗauki abin da za ta iya ɗauka, kwana uku ne a koma. Asake sun taho, ƙaho ya taho, 'yar fatar da yake goga aska a kai ta taho, domin duk a zabira suke kwana. Dutsen wasa aska ne kawai bai taho ba. Shi dama ba ya yawo da shi, tsoron kada ya faɗi ya fashe. A alkukin bangon ɗaki yake ajiye shi, naɗe cikin tsohon rawani.

Kwana uku suka zama wata uku, suka zama shekara. Na ba su ɗaki ɗaya a gidan hayar da nake, ni da matata muka matsa a ɗayan. Da hanya ta ɗan yi sauƙi sai na samu wani ɗan kabu-kabu da ya san daji, ya kai ni na dubo gidan ba tare da Baba ya sani ba. Ban fi minti goma a ciki ba. An ɗaye kwanon rufi gaba ɗaya, an cire ƙofofi har da katakon jikinsu, rumbu ya zama toka, ciyawa ta tsiro a inda gadon Inna yake. Na tsaya a tsakiyar ɗakin Baba ina kallon sama. Wallahi ko dutsen ban tuna ba a lokacin, ban ma leƙa alkukin ba.

Inna kaɗai na gaya wa. Ta yi kuka a bayan ɗaki, ta share ido, sannan ta kama hannuna ta haɗa ni da Allah kada Baba ya ji. Yana da hawan jini, ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, tun daga nan ƙafarsa ta hagu jan ta yake yi, likita kuma ya ce a kiyaye shi da mummunan labari. To, daga ranar muka shiga ƙarya, ni da ita da matata. Gida yana nan lafiya, kwaɗo yana nan a danne, ciyawa ce kawai ta ɗan yi yawa. Duk baƙon da ya zo daga wajenmu sai na tare shi a ƙofa na karanta masa abin da zai faɗa kafin ya yi sallama. Ni da nake dukan tebur a aji a kan yaro ya yi ƙarya, ni ne na zama mai koya wa dattawa ita. Kowace Jumma'a Baba yakan fito da makullin ya shafa masa ɗan mai don kada ya yi tsatsa, ya mayar. Ina ganin haka sai na tashi na bar wurin.

Da farko yakan zauna a gindin dogon yaro a ƙofar gida, tsofaffin unguwa suna zuwa yana yi musu aski. Fata tana riƙe kaifin aska na ɗan lokaci, amma ba ta haifar da sabo. A hankali asaken suka dakushe. Wata rana na ga wani dattijo yana runtse ido yana cije leɓe a ƙarƙashin hannun Baba, yana daurewa saboda kunya. Baba ya gani. Ya gama, ya naɗe zabira, bai sake fitowa da ita ba. Na kawo masa fakitin reza, ya juya shi a hannu ya ce na kai wa mata su yanke farce.

Ana cikin haka Allah ya ba matata ciki, bayan shekarun da muka yi muna jira. Duk ɗan da aka haifa a danginmu, Baba ne yake yi masa askin suna, daga ni har jikokin ƙannensa. Ba a taɓa kiran wanzamin waje ba, abin kunya ne a gidan wanzamai. Da cikin ya shiga wata bakwai, muna zaune bayan la'asar, sai ya ce a nemo masa ɗan kabu-kabu mai hankali, zai je gida ya ɗauko dutsensa ya dawo, yini ɗaya ne. Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Na ce hanya ba kyau. Ya ce ai ni na ce mutane suna zuwa suna dubo gidaje suna dawowa. Na ce ƙafarsa. Ya ce ba da ƙafa ake hawa babur ba. Na ce to ya ba ni makullin na je na ɗauko masa, a raina ina cewa daga baya na san ƙaryar da zan ƙara. Ya ce shi ma yana son ya ga ɗakinsa da idonsa.

Don na hana shi tafiya sai na ce zan nemo masa irinsa a kasuwa, kafin haihuwa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai mi ka sani ga dutsi?"

Na ce ya koya mini. Na san dariya yake yi mini a ciki, amma dai ya koya, domin mutum ne da ba ya iya yin shiru in an taɓo sana'arsa. Ya ce dutsen ba na ƙasar nan ba ne. Mahaifinsa ne ya saye shi a kantin bakin tasha, nan Ƙaura, zamanin da jirgin ƙasa yake zuwa ɗaukar gyaɗa. Hawa biyu ne a manne, na sama launin man shanu, na ƙasa baƙi-baƙi mai shuɗi kamar allon makaranta. In ka zuba masa ruwa ba ya shanyewa, sai ruwan ya kwanta a kai. In ka goga masa bayan ƙarfe sai ya fitar da farin ruwa mai ɗan kauri. Ka ja farcen babban yatsa a kai, in ka ji ƙara, ajiye. Ka taɓa da harshe, in ka ji yashi, ajiye. In ya yi baƙi da man inji, kada ma ka ɗaga, an riga an kashe shi. Ya ce irinsa sun zo da ɗan yawa a da, wanzaman da suka mallake su sun mutu, 'ya'yansu kuma sun zama irina. Na ji wannan, na haɗiye.

Da 'yan gwangwan na kasuwar Ƙaura na fara, masu tara tsofaffin ƙarafa da tarkacen gida. Ranar farko na dawo da wani toka-toka mai fuska biyu, ina ta washe baki. Baba bai ko karɓa ba, daga nesa ya ce na ɗauke, na adda ne da lauje, in aska ta hau shi sau biyu ta gama yawo. A Kasuwar Daji wani tsoho ya rantse mini har da dafa ƙirji cewa nasa daga hannun wani sarkin aska ya fito. Baba ya lasa ya tofar, ya ce dutsen gulbi ne, mata ma suna goge kaushi da irinsa. Na uku kuwa, kai, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Launin man shanu a sama, duhu a ƙasa, santsi ba a magana. Na shigo gida da sallama mai ƙarfi. Baba ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kira Inna ta zo ta ga abin da malamin makaranta ya sayo. Ɓallin tayil ne na daɓen ɗaki, da simintinsa a baya. Ya yi dariya har da tari, rabon da na ji dariyarsa tun kafin su baro gida. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, na rasa wanda zan riƙe.

A Zurmi aka kwatanta mini wani wanzami da yake da na gaske. Na same shi, ya fito da shi ya nuna mini, ya bar ni na zuba ruwa na goga na ga farin da Baba yake faɗa. A nan ne na fara sanin abin da nake nema. Na roƙe shi ya sayar, ya ƙi. Na roƙe shi aro na kwana biyu, ya ce ko ɗan cikinsa ba ya ba aro. Na ce to zan kawo asaken ya wasa mana. Ya ce wannan kam zai yi, amma na fara tambayar mai su. Na dawo na tambaya. Baba ya ce askarsa ba ta hawa dutsen wani, hannun wani ba ya ja masa ita, ko so nake ya ɗora wa jinjiri kaifin da bai san wanda ya yi shi ba. Na fita waje na yi ta masifa ni kaɗai. Tsofaffin nan biyu ba su taɓa ganin juna ba, amma taurin kansu iri ɗaya.

Wani abu da yawon nan ya nuna mini, da ban so na gani ba, shi ne irin kayan da suka cika shimfiɗun masu gwanjo. Da can tsohuwar rediyo ce da sarƙar keke da tocila. Yanzu kuwa kwaɗuna ne tuli babu makullai, da ƙarafan ƙofa, da ruwan garma, da murafen kwalla na jeren mata, da fitilar ƙwai, har allon karatu na gani da rubutun yaro a jiki bai kai ƙarshe ba. Ba mai tambayar inda suka fito, kowa ya sani. Nakan tsuguna ina tona su ina neman dutse, ina jin kamar aljihun mutane nake lalube.

Watan haihuwa ya kama, matata ta yi nauyi sosai, ni kuma ba dutse. Baba ya daina yi mini dariya. Sai na ji daga bakin maƙwabci cewa ya fara tsayar da 'yan kabu-kabu a ƙofar gida yana tambayar wanda ya san hanyar bayan Moriki. Na bi su ɗaya-ɗaya ina roƙo kada su ɗauke shi. Amma 'yan kabu-kabu nawa ne a Ƙaura? Na san ranar da zan tafi makaranta na dawo na tarar ba ya nan tana zuwa.

Shinkafi ce ta rage. Na nemi izini a makaranta ranar Alhamis, na shiga motar kasuwa da hantsi. Hanyar nan ba a hira a cikinta. Kowa ya zuba ido a daji, bakinsa yana motsi, direba kuma in ya zo inda itatuwa suka yi duhu sai ya taka mota kamar zai tashi da mu. Muka isa lafiya. Na bi layin masu tarkace tun daga farko, ina ɗagawa ina ajiyewa, yawuna har ya ƙafe, sai da na sayi ruwan leda na riƙa ɗigawa. Azahar ta yi, direba ya ce mana kafin la'asar zai juya, wanda bai zo ba ya kwana.

A can ƙarshen layi akwai wani mutum mai furfura, ya shimfiɗa buhu ya baza kwaɗuna da ƙusoshi da ƙarafan ƙofa. Babu dutse a cikin kayansa. Har na wuce, sai iska ta ɗaga gefen buhun, ya miƙa hannu ya gyara abin da ya danne kusurwar da shi. Na dawo na ce ya ba ni na gani. Ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, danni ne kawai, amma ga shi. Ƙasa ta rufe shi. Na zuba ruwa na murza da yatsa, launin man shanu ya fito. Na juya, ga duhun nan mai shuɗi. Ruwan ya kwanta bai shige ba. Na ɗauki wata ƙusa na goga gefenta a hankali, farin ya taso. Na ja farce, shiru. Na kai harshe, a gaban mutane, babu yashi. Murna ta kama ni, na ce yau Baba zai san ya haifi ɗa.

Sai yatsana ya faɗa a kusurwa ɗaya da ta ɓalle.

Ni na ɓalle ta. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas na saci dutsen daga alkuki na fasa ƙwallon goruba da shi a bayan rumbu. Baba bai dake ni ba, kwana uku dai bai yi mini magana ba, na gwammace dukan. Na san ɓallin nan kamar yadda na san tabon da ke gwiwata. Na shafa tsakiyar dutsen, ga ramin da aska ta ci, ya fi zurfi ta gefe ɗaya, yadda na saba ganinsa a tafin hannun Baba. Na zauna a ƙasa daɓas.

Da na buɗe baki, masifa ce ta fito. Na tambayi mutumin inda ya samo shi, na ce kayan gidan ubana ne, na ce su ne masu bin bayan ɓarayi suna kwashe abin da ya rage, na faɗi maganganun da ba su dace da mai furfura ba. Mutane suka fara taruwa. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya bari na gama, sannan ya ce shi a buhu yake saye daga hannun 'yan gwangwan, ba ya sanin abin da ke ciki sai ya zazzage. Ya ce shi ma manomi ne daga wani ƙauye a wajen Badarawa, shekararsa uku rabonsa da gonarsa.

"Kullum in na zazzage buhu sai na duba ko in ga na gidana," in ji shi. "Kai ka gode Allah, ka ga naka."

Kunya ta rufe ni. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, na ɗauki dutsen na tafi da shi. Na matsa masa ya karɓi wani abu, da ƙyar ya karɓa. A mota na riƙe shi a cikin riga, a jikin fatata, ina ta juya abu ɗaya. Na samo abin da zai hana Baba tafiya, amma da ya gan shi zai san an buɗe ɗakinsa. Dutsen da aka bari a alkuki, a bayan kwaɗo, ba ya zuwa kasuwar Shinkafi da ƙafarsa.

Na nuna wa Inna a madafa. Ta gane shi tun kafin na gama buɗe tsumman, ta ja da baya. Ta ce na jefa shi a rijiya. Na ce in na jefa, jibi Baba yana kan babur. Ta ce to na san yadda zan yi, ita dai kada na kashe mata miji. Kowa ya iya cewa a san yadda za a yi.

Dabarar da ta zo mini, a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni wayo. Ranar Asabar, ba kowa a makaranta, na je bakin rijiyar makarantar inda aka yi daɓen siminti. Na zuba yashi mai laushi da ruwa, na kifa dutsen, na fara gogawa. Nufina na shafe ramin, na kuma rage kusurwoyin huɗu duka su zama ɗaya, yadda ɓallin zai ɓace, ya zama wani dutse irin nasa amma ba nasa ba. Tun hantsi nake yi har rana ta karkata. Ruwa mai launin man shanu yana gangarewa cikin kwata, ni kuma ina ƙara yashi. Yatsuna suka sale, bayana ya ƙage. Da na gama, fuskar ta yi sumul, ba rami ba ɓalli, sai dai hawan sama ya sirance sosai. Akwai wani ɗan layi baƙi siriri kamar gashi da ya ratsa ta kusa da ƙarshe, na goga na goga ya ƙi fita. Na ce wannan ba komai ba ne, wa zai kula.

Bayan la'asar na kai masa. Yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, Inna tana daga ƙofar madafa ta kasa zama. Na ce a Shinkafi na samo, wurin wani mai tarkace, na kuma shirya jin dariya. Bai yi ba. Ya auna shi a tafin hannu, ya duba gefensa inda hawa biyun suka haɗu, ya ce a ba shi ruwa. Ya ɗiga, ya goga, farin ya taso. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce wanga kam dutsin gaske na. Ya jawo zabira ya fito da askar da yake ware wa jarirai, ya kwantar da ita a kai.

Tun ina yaro na san sautin wasan Baba. Yakan ja, ya ɗan tsaya kaɗan kafin ƙarshe, ya juya, ya dawo. Ni duk zatona salo ne irin na gwanaye. Ranar ina tsugune kusa da shi na ga abin da yake yi. Da askar ta zo daidai ɗan baƙin layin nan sai hannunsa ya ɗaga ta kaɗan, ta tsallake. Ba ya ma kallon dutsen, idonsa yana kan bango. Ashe jijiya ce a cikin dutsen da take taɓa kaifi, hannunsa ya shekara hamsin yana tsallake ta. Ya ja na farko, ya tsallake. Ya ja na biyu, ya tsallake. A na uku sai hannun ya tsaya cak.

Ya sauke ido ya dubi layin. Ya kai babban yatsa ya bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan wadda na fi ci. Ya shafa tsakiyar, inda ramin yake a da. Sannan ya dubi yatsuna da suka sale. Na ɓoye su a bayana kamar ɗan aji ɗaya. Na jira ya yi tambaya, na jira ya faɗi, har na hango inda zan tare shi. Ya ƙara ruwa ya ci gaba da wasa, ya gama da wannan ya ɗauko wata, har ya bi asaken duka. Ya gwada a gashin hannunsa, ya naɗe, ya tashi ya yi alwala.

Kwana huɗu bayan nan matata ta sauka, mace. A cikin kwanakin Baba bai sake tsayar da ɗan kabu-kabu ba, bai kuma tambayi kowa labarin gida ba. Inna ta ce ka ga dabara ta yi. Jumma'a ta zo ta wuce, ban ga ya fito da makulli ba.

Ranar suna da safe, bayan an yi addu'a an watse, aka kawo masa jaririyar. Ya sa an tafasa askar, ya zauna ya miƙe ƙafar da take ciwo, ƙanwar Inna ta riƙe yarinyar a cinya. Matata tana leƙe daga ɗaki, na san tsoron rawar hannunsa take yi, ni ma shi nake yi. Hannun bai yi rawa ba. Ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya bi shi a hankali, gashin yana sauka a ɗan ƙoƙo, yarinyar ko farkawa ba ta yi ba sai da ya zo ƙeya. Ba ƙwarzane ko ɗaya. Mata suka yi guɗa, ya tofa mata addu'a, ya miƙa ta.

Da tsakar gida ta yi sauƙi ya kira ni. Yana goge dutsen da gefen rigarsa. Ya ce na zauna, na zauna.

"Har rumbun?"

Na ce har rumbun.

Ya gyaɗa kai. Ya tambayi rufin, na gaya masa. Ya tambayi tun yaushe na sani, na gaya masa wannan ma. Na fara ba shi haƙuri, ina kawo maganar likita, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce bai ga laifina ba a kan ɓoyewar, shi ma da haka zai yi wa nasa uban. Ya sake shafa fuskar dutsen da tafin hannu.

"Da dai ka bar mai raminai," ya ce. "Rabin ramin nan hannun ubana na. Shi kaɗai ya rage da ba su ɓata ba."

Wuni guda na yi ina wanke shi a kwata, da hannuna, ina jin daɗin wayona. Na zauna ina kallon yatsuna, hawaye suna zuba, ga baƙi suna shigowa cin tuwon suna.

Ya buɗe aljihun zabira ya ciro makullin, yana ƙyalli saboda man da ya sha. Ya sa mini a hannu. Ya ce in na koma Shinkafi na kai wa mai tarkacen nan, wataƙila kwaɗon yana cikin kayansa, kada wanda zai saya ya rasa makulli, kwaɗo ne mai kyau.

Na koma Alhamis ɗin da ta biyo. Mutumin yana nan a ƙarshen layi, ya danne kusurwar buhunsa da rabin bulo. Na gaya masa saƙon Baba. Bai yi dariya ba, ya jawo tulin kwaɗunan gabansa, ya riƙa miƙo mini ɗaya-ɗaya ina gwadawa, wanda ya ƙi na ajiye gefe. Muka bi su duka, babu wanda ya buɗe. Ya ce na bar makullin a wurinsa, wani buhun yana zuwa mako mai zuwa. Na bar masa, na tafi neman mota tun la'asar ba ta yi ba.